Amsoshin Tambayoyinku: Ina Magoya Bayan ANC Suka Koma?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar farko ta wani malamin makaranta ce daga Funtuwa. Yana cewa: "Na ji an ce jam'iyyar ANC ta su Mandela ta rasa rinjaye a Afirka ta Kudu. Me ya sa mutane suka juya mata baya, kuma wace jam'iyya suka koma?"

To Malam, abin da ka ji gaskiya ne. A zaɓen 29 ga Mayun 2024 ANC ta samu kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, wato kujeru 159 cikin 400 na majalisar dokoki. Tun da ta hau mulki a 1994 ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi a babban zaɓen ƙasa ba sai a wannan karon. A 2004 ta kusa kashi 70, ko a 2019 ma tana da kashi 57 da ɗoriya.

Dalilan kuwa a cikin gida suke. Na farko wuta. A 2023 kamfanin Eskom ya yi ta raba ɗaukewar wuta unguwa-unguwa bisa jadawali, har ta kai mai shago sai ya duba wayarsa ya ga ƙarfe nawa za a ɗauke kafin ya zuba nama a firij. Mu nan mun saba da janareta, amma su can sun daɗe suna alfahari da wutarsu. Ga rashin aikin yi da ya kai kusan mutum ɗaya cikin uku, ga kuma abin da hukumar Mai Shari'a Zondo ta bankaɗo kan yadda attajiran nan iyalan Gupta suka yi ta juya ma'aikatu da kwangilolin gwamnati a zamanin tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma. Matashin da aka haifa bayan 1994 bai ga mulkin wariyar launin fata da idonsa ba, don haka "mu muka 'yanto ku" ba ta cika shiga kunnensa.

Sai dai rabin tambayarka na biyu ya fi ɗaukar hankalina. Mutum zai zaci babbar jam'iyyar adawa a lokacin, DA, ita ce ta kwashi garaɓasa. Ina! Daga kusan kashi 21 ta matsa zuwa kusan 22, shi ke nan. Da yawa daga cikin baƙar fata har yanzu kallon jam'iyyar Turawa suke mata. Wadda ta yashe ANC ita ce sabuwar jam'iyyar MK, wadda Zuma ya fito ya mara wa baya a Disambar 2023, wata biyar kacal kafin zaɓe, ta kuma tashi da kujeru 58. A lardin KwaZulu-Natal, mahaifar Zuma, MK ta samu kusan kashi 45, ANC ta zube daga sama da rabi zuwa kusan kashi 17.

Abin mamaki, Malam, mutanen da suka ce sun gaji da cin hanci sun bi mutumin da aka yi badaƙalar a zamaninsa, wanda har aka yanke masa ɗaurin wata 15 a 2021 saboda ƙin bayyana gaban hukumar. A ganina fushi suka yi da masu riƙe da gidan, ba da gidan ba. Ko sunan MK ɗin ma na tsohuwar rundunar gwagwarmayar ANC ne. Haka EFF ta Julius Malema, daga cikin ANC ta ɓalle. Wasu kuma ko rumfar zaɓe ba su je ba, shi ya sa fitowar masu ƙuri'a ta ragu daga kashi 66 zuwa ƙasa da 59. Da ƙura ta lafa, Cyril Ramaphosa na ANC ya ci gaba da shugabancin ƙasa, amma sai da ya haɗa gwamnati da DA da wasu ƙananan jam'iyyu.

Sai saƙon wata baiwar Allah daga Maraɗi. Ta ce: "Ko ɗan majalisa a can yana iya sauya sheƙa ya tafi da kujerarsa, kamar yadda muke ji a Najeriya?"

Hajiya, ba ya iyawa. A can jam'iyya ake zaɓa, ita ke miƙa jerin sunayen da za su cike kujerunta, kuma tun 2009 aka soke damar sauya sheƙa. Ka fita, ka bar kujera. A Najeriya ma sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya sauya jam'iyya zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu gida biyu. Ta wannan ƙofar kowa ke sulalewa. Gwamnoni kuwa sashen bai taɓa su ba. Za ki tuna a Nuwambar 2013 gwamnoni biyar, ciki har da Kwankwaso na Kano da Wamakko na Sakkwato, suka bar PDP suka shiga APC da kujerunsu, sannan a 2015 PDP ta faɗi bayan shekara 16 tana mulki.