Silant a ƙasa, kaki a sama: aikin kwana biyu a kan motar Yaya a Katsina

Assalamu alaikum jama'a. Yau ba garejin da kuka saba ganina a Manchesta ba ne. Babu rigar ruwa, babu sanyin nan mai shiga ƙashi. Ga ni a tsakar gidanmu a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, kwanana huɗu ke nan da sauka. Auta ne ke riƙe da waya, in kun ga hoton na rawa ku yi masa uzuri, yau ya fara.

Wannan baƙar Camry ta Yaya ce. Tun ina can yake turo min hotonta, wai ta dushe, ya sa an goge ta har sau uku a wurin wankin mota amma ƙyallin ba ya kai mako biyu. Ga shi ranar Asabar ita za ta ɗauko amarya. Na ce ya bari in zo, na kuwa cuso kayan aikina a akwati har sai da na rage tsarabar Hajiya, Allah Ya sa ba za ta kalli bidiyon nan ba.

Auta, matso da wayar. Ku dubi bonet ɗin nan inda na haska tocila. Kun ga sirararan zanen da suka kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo? Su ne suka kashe mata haske, ba tsufa ba. Na kuma san inda suka fito, don jiya da safe na gani da idona: yaron gida ya ɗauko busasshen tsumma yana share ƙurar da ta kwana a kanta, yana yi da iya ƙarfinsa don Yaya ya ji daɗi. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwaso mana daga arewa maso gabas, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke gani. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Duk wanda ya murza ta da busasshen tsumma, samfefa ya yi wa motar.

Fentin mota kuwa ba shi da kaurin da muke zato. Hawa uku ne: furaima a ƙasa, sai launi, sai wani ɓawo garai-garai kamar gilashi a sama, shi ne mai ɗaukar ido. Duka ukun a motar da ta fito daga kamfani ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 180 ba (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), ɓawon saman kuma wajen 40 zuwa 50, bai ma kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Ga na'urar awo a hannuna. Ƙofar direba, 124. Rufin sama, 118. Bari mu zo fendar baya ta dama. Kai! 410.

Yaya, wanda ya sayar maka da motar nan ya ce ba ta taɓa shan fenti ba ko?

Ya ce har rantsuwa ya yi masa. To, na'ura dai ba ta iya rantsuwa ba, amma nan an taɓa buguwa, an cike, an fesa. Mu bar maganar, kada in ɓata biki.

Wanki ba zan ɗauki lokacinku a kansa ba. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga sama a gangaro. Ban da omo, don omo aikinsa cire maiƙo, kuma kakin da kake son ya zauna a jikin mota ɗan uwan maiƙo ne. Ruwan burtsatsenmu kuma in ya bushe da kansa yana barin farin tabo, sai a tsane shi nan take da tawul mai laushi.

Ga wata dabara da ba ta cin ko sisi. Sa hannunka cikin farar leda, irin ta ƙullin sukari, ka shafa jikin motar bayan wanki. Auta, miƙo hannunka ka ji. Ka ji kamar tsakuwa-tsakuwa? Wannan dattin ya riga ya kafe a cikin fenti, sabulu ba ya fitar da shi: kwalta, ƙurar birki, da abin da ke ɗigowa daga iccen bedin da Yaya ke fakawa a ƙarƙashinsa, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Da wannan yumɓun roba ake cire shi. A fesa ruwan sabulu wurin ya yi santsi, a riƙa jan yumɓun a hankali har ka ji ya daina kamawa. Ku ga yadda ya koma ruwan ƙasa a kan rabin bonet kawai. In ya faɗi ƙasa kuma, sunansa matacce, a yar.

Bayan nan na bi ta da injin folish sau ɗaya tak. Abin daɗi, soket ɗinmu iri ɗaya ne da na Ingila, mai baki uku, ban nemi wani abin haɗi ba, wutar ce dai sai da aka tayar da janareto. Folish kankare ɓawon saman yake yi kaɗan don zanen ya baje, shi ya sa ba a yawan yin sa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na gama na goge ta da sifirit da aka sirka da ruwa don man folish ɗin ya fita. Yanzu fentin tsirara yake.

To, ga abin da ya tara mu. Kwalba biyu da gwangwani ɗaya a kan tabarma: gilez, silant, da kaki. Yaya ya ce tunda na sha wahalar ɗauko su daga uwa duniya, a lafta mata duka ukun. Nan ne mutane da yawa ke yin aikin baban giwa.

Gilez kwalliya ce zalla. Mai ne da wasu sinadarai masu cike ƙananan zane, ido ya ga kamar babu su, baƙin ya yi zurfi kamar an jiƙa shi. Ku ɗauke shi kamar shaddar da ta dawo daga mabuga: tana ƙyalli har da ɗaukar ido, amma wanki ɗaya ko biyu ƙyallin ya tafi. Ba ya kare fenti daga komai. Ina kyautata zaton irinsa ake shafa wa Yaya, ya biya, ya yi murna, bayan kwana goma saƙar gizon ta dawo.

Silant kuma haɗin kamfani ne, dangin roba, wanda ke kama jikin fenti ya daskare. Waɗanda suka tashi a gidan ƙasa sun san makuba: bayan an gama yaɓe a shafa ta, ta kama bango, ruwan damina ya zo ya zame. To, shi ne makubar mota. Mai kyau yana kai wata huɗu zuwa shida, kuma ya fi kaki jure zafi.

Kaki shi ne tsohon hannu. Wanda ake ji da shi sunansa kanuba, daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya ake samun sa a arewa maso gabashin Birazil, jihohin Piyawi da Siyara. A sare ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narkar. Zallarsa tauri gare shi kamar dutse, sai an cakuɗa shi da mai kafin ya shafu. Har jikin alewa da ƙwayar magani ana sa shi don sheƙi. Sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa, kakin zuma kuwa tun wajen 62 zuwa 64. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Baƙar mota da ta wuni a ranar Afrilu ta Katsina, lokacin da iska kanta ta haura 40, bonet ɗinta ba ya taɓuwa da hannu. A irin wannan zafin, kakin da zai yi min wata biyu a Manchesta, a nan in ya yi makonni kaɗan ya yi ƙoƙari.

Yanzu wa ke hawa kan wa? Bari in ba ku labarin yadda na koya, don ba a littafi ba ne. Watana na biyu da fara aiki, wani ya kawo baƙar motarsa, ni kuma ina son in burge maigidana. Na shafa gilez mai maiƙo, ta yi kyau har na ɗauki hoto, sai na ɗora silant a kai. Bayan mako biyu mutumin ya dawo cikin ruwan sama. Maigida bai ce min uffan ba, ya kama hannuna ya kai ni gaban motar. Ruwa ya shimfiɗe a kan bonet shame-shame, babu ɗigo ko ɗaya da ya dunƙule. Silant ɗin bai taɓa kama fenti ba, a kan mai ya zauna, da man ya tafi suka tafi tare. Ranar hutuna na sake aikin kyauta. Wanda ya taɓa ƙoƙarin manna sitika a jikin galan ɗin man gyaɗa ya san abin da nake nufi.

Saboda haka silant fenti tsirara yake so, shi ne farko. Kaki ba shi da wannan tsirfar, yana zama a kan silant, yana zama a kan gilez. Amma silant a kan kaki, asarar kuɗi ce. Akwai gilez ɗin da aka yi shi musamman don ya karɓi silant, kamfanin kan rubuta a jikin kwalbar, nawa dai ba irinsa ba ne. Ku kuma lura da kakin da aka rubuta yana wankewa yana gogewa lokaci guda: in ka ɗora shi a kan silant, cinye shi zai yi.

Ga yadda muka raba gardama da Yaya. Duk jikin motar silant, gobe kaki a kansa. Murfin but kaɗai, inda zanen ya yi zurfin da ba zan bi shi da inji ba, shi zan yi wa gilez da kaki, ya rufa mana asiri ranar Asabar.

La'asar ta yi sanyi, mun turo ta inuwa, na taɓa jikin da bayan hannu ba zafi. Ɗigo uku zuwa huɗu a kan soso sun ishi ƙofa guda. Auta na cewa bai ga komai ba. Haka ake so, Auta. In kana ganinsa fari fat, ka yi ɓarna, kuma kai za ka sha wuyar gogewa. A bar shi ya yi hazo-hazo, sai a ja yatsa a kai. In wurin ya fita tas, ya yi. In ya yi jirwaye, a ƙara masa lokaci. A busasshiyar iskar nan kafin in zagayo ɗaya gefen har ya yi. Na goge, mun tura ta gareji mun rufe. Sai ta samu aƙalla awa 12 ba ruwa ba raɓa kafin a ɗora wani abu. Yaya ya so fita da ita bayan Isha'i, na ɓoye makullin a ɗakin Hajiya.

Barkanmu da safiya. Ku dubi abin da nake gaya muku: gareji a rufe, amma ga ƙura ta kwanta, har ina iya rubuta sunana. A Ingila da kai tsaye zan ɗauko kaki. A nan in na yi haka, na mayar da zanen da na cire jiya. Don haka na zuba ruwa zalla, na tsane ta hanyar ɗora tawul ina ɗagawa, ba ja ba.

Kakin ma siriri, shafa ɗaya. In kana da kyau ka ƙara da wanka, iyakar aikinsa ke nan a nan, ya ƙara wa baƙin zurfi, kashin tsuntsu kuma ya fara cin sa kafin ya kai ga silant. Masu yin hawa biyar da shida, ban taɓa ganin bambancin da ya wuce na biyu ba, na biyun ma don cike inda hannu ya tsallake ne. Wanda kuma bai daɗe da fesa sabon fenti ba, ya jira wata ɗaya zuwa uku kafin silant ko kaki, fentin na buƙatar ya gama fitar da sinadarinsa. Fendar Yaya dai ta daɗe da wuce wannan.

Auta, kawo butar nan. Ku kalli bonet. Kun ga yadda ruwan ke dunƙulewa yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza? Ga but ɗin ma, saƙar gizon ta ɓuya, ko da yake ni da ku mun san tana nan.

Na kira yaron gida na ba shi tawul biyu da abin fesa ruwa, tsumman kuma na karɓe. Na ce in babu ruwan ɗauraye ta, ya bar ta da ƙurarta, in Yaya ya yi faɗa ya ce ni na ce. Ragowar silant ɗin na bar wa Yaya, ya sake shafawa kafin zafin bazara ya kankama. Ga shi can ya fito da babbar riga yana miƙo hannu. Auta, je ka ɗakin Hajiya, makullin na ƙarƙashin faranti na biyu a cikin kabad.