Tafiyar hawainiya a dandalin Japan

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ma ina tare da Zainab da Nura, sai dai Nura da ɗingishi ya shigo, toh shi zai fara mana bayani.

Nura: Yaya Aminu wallahi Zainab ce ta ja min. Bidiyon wasu 'yan wasan kwaikwayon Japan ta turo min wai in kwaikwayi tafiyarsu na minti goma kacal, na ce haba, ni da nake buga ƙwallo kullum da yamma tafiya ce za ta gagare ni? Minti huɗu ban kai ba cinyoyina suka kama rawa kamar mazari.

Zainab: Ai na gaya maka ka ƙi ji. Wasan sunansa Noh, irin wanda babban ɗan wasan ke ɗaura fuskar katako. Tun ƙarni na 14 ake yinsa, wani Kan'ami da ɗansa Zeami ne suka gyara shi ya zama yadda aka san shi, kuma har yau gidaje 5 ne ke riƙe da sana'ar manyan 'yan wasan, Kanze da Hosho da Komparu da Kongo da Kita. Gado ne, kamar dai gidan makaɗa ko maƙera.

Aminu: Toh tafiyar me ke cikinta har ta kayar mana da ɗan ƙwallo?

Zainab: Kafin tafiya ma tsayuwa za ka fara koya Yaya, kamae suke ce mata. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka tura ƙugu baya, ƙirji ya ɗan yo gaba, hannuwa kar su manne da jiki, mai kallo ya ga kana tsaye shiru alhali ciki kamar ana janka gaba da baya lokaci guda. Sannan a zo kan suriashi, kana sanye da farar safa za ka ja ƙafa a kan katako, dunduniya ba ta barin ƙasa sam, sai a ƙarshen taku yatsu su ɗan ɗago su sauka. Kai kuwa ba ya hawa ba ya sauka.

Nura: Nan ne fa matsalar! Ni kaina sai tsalle yake kamar na hau jaki.

Aminu: Amma me ya sa sai kan ya tsaya cak haka?

Zainab: Saboda fuskar. Katako ce, ba ta murmushi ba ta ɓata rai, toh in ka ɗan ɗaga ta haske ya bugi sassaƙar sai ta yi kamar tana fara'a, in ka ɗan sunkuyar inuwa ta sauka sai ka ga damuwa. Kenan in kanka na rawa kana tafiya ka lalata labarin, mutum yana kuka yana dariya a taku ɗaya. Kuma ramukan idon ƙanana ne ƙwarai, ko ƙafarsa ba ya gani, da ginshiƙan dandalin yake gane inda yake, akwai ma guda da aikinsa kenan, ya hango shi kar ya faɗo.

Nura: Wato ƙafa ce idonsa.

Zainab: Kusan haka. Dandalin ma bai cika mita 6 kowane ɓangare ba, a tsofaffin har randuna ake ajiyewa a ƙarƙashi don in ya buga ƙafa sautin ya yi amo.

Aminu: Ni abin da ya ɗauke min hankali gangunansu ne. Akwai ƙarama da ake ɗorawa a kafaɗa, mai siririn ƙugu, ana matse igiyoyinta murya ta canza, na ce kai wannan ai 'yar uwar kalangu ce. Babbar kuma sai an gasa fatarta a garwashi kafin a fito.

Nura: Toh amma Zainab tsakani da Allah, ɗan fim ko mai rawa na yanzu me zai tsinta a nan? Kyamara ai fuska take bi, ba dunduniya ba.

Zainab: Shi ya sa ma. Yawanci da fuska muke ha'inci, a zaro ido a murguɗa baki shikenan an yi fushi, jiki kuwa yana can ya saki kamar mai jiran mota a tasha. In aka ƙwace maka fuskar dole baya da wuya da ƙafa su yi magana. Kuka ma a Noh hannu kawai ake ɗagowa a hankali zuwa saitin ido. Zeami ya koyar da cewa zuciya ta motsa kashi goma, jiki ya nuna bakwai, ukun nan da ka danne su ke riƙe mai kallo.

Aminu: Kuma ba a gidajen gado kaɗai abin ya tsaya ba ko?

Zainab: A'a. Akwai darakta Tadashi Suzuki, a 1976 ya kwashe 'yan wasansa daga Tokyo ya koma wani ƙauye a cikin duwatsu, Toga, ya tsara atisayen da ya ɗebo abubuwa daga Noh da Kabuki, wani wasan kwaikwayon gargajiyar Japan, ana dirka ƙafa a ƙasa ana tafiya a durƙushe ana magana numfashi bai yanke ba. Har Amurka ana koyar da shi yanzu.

Nura: A durƙushe kuma? Wannan kam kar ki turo min.

Aminu: Su fa Zeami tun yaro na shekara 7 yake cewa a fara, kai ka zo da gemunka kana neman gamawa a minti goma.

Nura: Toh Yaya ga fili nan tsakanin tebur da ƙofa, taku biyar ne, bismillah.

Aminu: Ni gwiwata ta daɗe da yin ritaya. Zainab miƙo masa man zafin nan, mu je hutun rabin lokaci.