Darasin Mota: A Cire Tamostat Ko A Bar Shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau ya samo asali ne daga wani musu da aka tafka jiya da la'asar a bakin garejinmu. Wani dattijo, tsohon direban tasha, ya dage cewa tun daga Peugeot 504 ba a sake ƙera mota ba. Samari suka ce haba Baba, ai Corolla ba ta mutuwa. Masu Honda su ma suka shigo da tasu.

Baba yana da gaskiyarsa. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna. Ƙafarta na shanye gargada, ga kafireta, babu kwamfuta. Ko a dokar daji ta tsaya, mai sifana da sukundireba zai tashe ta. To amma dabarun da muka gada daga wancan zamani su muke ɗorawa a kan motocin yanzu, kuma a nan ake yin ɓarna. Babbar cikinsu ita ce cire tamostat.

Ku dubi tamostat ɗin da ke hannuna, bai kai cikin tafi ba. Mota na isowa daga Kwatano, abu na farko da za a ce wa mai ita shi ne: "Alhaji, a cire wannan, na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye." Wallahi wannan magana tana ci mini rai.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Da safe idan ka tayar da mota, ƙofar a rufe take, ruwa na zagayawa a cikin inji kaɗai domin ya yi saurin ɗumi. Akwai kakin da ke cikin wannan ɗan kurtun na ƙasa. Idan zafi ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe. Wannan na Corolla ne, ga shi an buga 82. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Jos kake ko a Sakkwato. Zafin garinmu a watan Afrilu, digiri 40 da 'yan kai, ko rabin haka bai kai ba.

Idan ka cire fa? Motar yanzu tana da kwamfuta, wadda muke kira birenbos, tana sauraron na'urar auna zafin ruwa. Muddin ta ji inji da sanyi, sai ta ƙara fetur, kamar yadda Baba ke jan cok a Fijo da asuba lokacin hunturu. Bambancin shi ne Baba yana mayar da nasa, ita kuwa za ta yi ta zubawa har sai injin ya ɗumama, abin da kan ɗauki dogon lokaci idan babu tamostat. Mai ya tafi a banza, fulogi ya yi baƙi, ragowar fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya fara cinyewa. Sannan a injuna da yawa, wannan faifan na ƙasa shi ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ƙofa ta buɗe. Babu shi, wani ruwan zai riƙa kewayawa bai shiga lagireto ba, motar da aka ce an yi wa maganin zafi ta zo ta tafasa a gosulo.

Kwanaki aka jawo mana wata haka. Da muka buɗe, lagireto ya toshe da tsatsa ja-wur da farin gishirin ruwan rijiya, gaskit ya ƙone, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Mai motar yana ta zagin kamfani. Na nuna masa gurbin tamostat fayau, na nuna masa murfin lagireto da robarsa ta tsage. Murfin nan shi ke riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, maimakon 100.

Yanzu ga gwajin, kowa zai iya yi a gida. Ga tukunya a kan risho, na ɗaure tamostat da waya, na rataya shi cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. Ku sa ido. Ruwa ya fara tsattsafo da ƙananan kumfa, bai tafasa ba tukuna... yauwa, kun ga bakin ya fara ɗagowa? Na fito da shi, yana hucewa yana rufewa. Wannan lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ƙi buɗewa, ko ya tsaya a buɗe, ya mutu, sai a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo sabo mai lamba ɗaya da tsohon.

Wajen mayarwa, wannan ɗan ƙaramin fil mai motsi a gefen faifai ya kalli sama, ta nan iska ke fita. A sa sabuwar roba. A zuba ruwan lagireto na kanti irin wanda kamfanin motar ya ce, kar a gauraya ja da kore. Fanka kuma a mayar da ita kan layinta, ta tashi da kanta, ta tsaya da kanta. Don Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, na ga wanda tururi ya saɓule wa fatar hannu. A bari ya huce, a sa tsumma, a murɗa a hankali.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu sauka kan man giyabos, musamman na masu Honda. A huta lafiya.