Dutsen Mora: Mafakar Sarakunan Mandara da Ƙawanyar Yaƙin Duniya na Ɗaya

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai, da sauran jama'ar da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa. Yau za mu yi magana ne a kan Mora, wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsun Mandara a arewa mai nisa ta Kamaru, arewa da Marwa, kuma ba shi da nisa da iyakar jihar Borno.

Tun kafin a san garin da sarauta, akwai mutanen dutse da ke zaune a saman tsaunukan, suna jera duwatsu suna yin gonaki hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe musu ƙasa, suna shuka dawa a wurin da baƙo zai rantse ko ciyawa ba za ta fito ba. Daular Mandara kuwa, wadda mutanenta ke kiran kansu Wandala, a ƙasa take, a fili. Ta yi zama a Kerawa, daga baya ta koma Dulo, kuma sarkinta Bukar Aji ya karɓi Musulunci wajen shekarar 1715. Da jihadi ya iso wannan yanki a farkon ƙarni na 19, rundunar Modibbo Adama ta ci Dulo, sai fadar Mandara ta ƙaura zuwa Mora, inda dutse yake tsare mata baya. A nan Baturen Ingila Dixon Denham ya tarar da sarkin Mandara a 1823, lokacin da ya biyo rundunar Borno. Bayan haka Rabeh ya auka wa ƙasar, sannan Jamusawa suka shigo a 1902.

Abin da ya fi sa sunan Mora ya shiga littattafai shi ne yaƙin 1914. Kwamandan Jamusawa na wurin, Kyaftin Ernst von Raben, da ya ji labarin ɓarkewar yaƙi, bai tsaya kare barikinsa na ƙasa ba, sai ya kwashi mutanensa, kimanin 200, mafi yawansu baƙaƙen fata, ya haye dutsen, wato ya maimaita dabarar da mutanen Mandara suka daɗe da sani. A watan Agusta Kyaftin Fox na Ingilishi ya taso daga Maiduguri da sojojin Najeriya, daga baya Faransawa suka zo daga Cadi, aka yi wa dutsen ƙawanya. Ku lura da wani abu, jama'a: sojojin da ke hawan dutsen nan ana yi musu ruwan harsashi, da Hausa ake ba su umarni, domin ita ce harshen bariki a rundunar, kuma waɗanda ke harbinsu daga sama su ma 'yan Afirka ne. Ni a ganina an fi yawan ambaton Turawa huɗu ko biyar a labarin nan, alhali waɗanda suka sha ƙishirwa suka mutu a tsakanin duwatsu ba a ma rubuta sunayen yawancinsu ba.

Ranar jajiberin Kirsimetin 1914 an ga farar tuta a ɓangaren Ingilishi. Ashe Fox ne yake neman izinin aika kyauta ga wani sajensa da ke tsare a hannun Jamusawa, aka kuwa tsagaita wuta domin Kirsimeti, sannan aka koma fagen daga. Garwa, inda Jamusawa ke da sansani, ta faɗi a watan Yunin 1915, sai Janar Cunliffe na Ingilishi ya juyo da manyan bindigogi kan Mora, ya kai hare-hare a ƙarshen damina, amma dutsen ya gagara. A sama kuwa yunwa ta kai ga ana yanka dawaki da jakuna, von Raben kansa ya sami raunin harsashi a ka.

Bayan Yawunde ta faɗi a Janairun 1916, babbar rundunar Jamus ta tsallaka yankin Sifaniyawa na Rio Muni, Mora ta zama wuri na ƙarshe da tutar Jamus ke tashi a duk Kamaru. Ranar 18 ga Fabrairu, 1916, bayan kusan wata 18, von Raben ya miƙa wuya, bisa sharaɗin a bar sojojinsa baƙaƙe su koma garuruwansu, a kuma ba shi fam 2,000 ya biya su albashin da suke binsa. Ingilishi suka amince, suka ƙirga masa kuɗin.