Abin da ke cikin fayil ɗin haɗi

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin injiniyanci ya yi wa ɗalibansa a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Na baya ku matso gaba, lasifikar ba ta da ƙarfi.

Mu ɗauki injin niƙa, irin wanda kuke gani a kowace unguwa. Idan za ka zana shi a SolidWorks, manhajar zanen injina a kwamfuta, shaf fayil ɗinsa daban, boris daban, kowane noti daban, duk sunayensu na ƙarewa da sldprt. Sannan ka buɗe fayil ɗin haɗi, mai sldasm, ka jera su kowa a mazauninsa. A Inventor, wata manhajar zane irinta, fayil ɗin sashe ipt ne, na haɗi kuma iam, amma aikin ɗaya ne.

To ga inda yawancinku ke faɗuwa. Fayil ɗin haɗi bai haɗiye sassan ba. Abin da ya riƙe shi ne sunan kowane sashe, da foldar da yake, da yadda ya zauna da maƙwabcinsa. Kamar mai unguwa ne: ya san gidan kowa, amma mutanen ba a zaurensa suke kwana ba. Shi ya sa ɗalibi zai kwafi sldasm kaɗai a filash ya kawo mini, mu buɗe, manhaja ta ce ba ta ga sassan ba, ya shiga rantsuwa wai jiya lafiya lau yake. Gaskiya ya faɗa, a kwamfutarsa ne. Ku yi amfani da umarnin Pack and Go na cikin manhajar, shi zai tattaro haɗin da sassansa da zanensa wuri guda. Haka kuma kada ku canza wa fayil suna daga cikin folda kai tsaye, haɗin zai ci gaba da neman tsohon sunan.

Sai batun suna. "Shaf sabo", "shaf na ƙarshe", "na ƙarshen ƙarshe", wallahi duk na gani. Ku ba wa kowane sashe lamba, gyara kuma ya bi harafi: A, B, C. Kayan kasuwa a ware musu folda guda. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, faɗinsa 52, kaurinsa 15, ko'ina ka saye shi. Zana shi sau ɗaya ya isa. Amma ku kula, in ka taɓa shi, duk injin da ke amfani da shi ya taɓu.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: Malam, idan mai aikin da zan tura wa ba SolidWorks yake da shi ba fa?

Madalla da tambaya. Ki fitar masa da STEP, nau'in fayil da manhajojin zane daban-daban ke karantawa, ko FreeCAD ta kyauta tana buɗe shi. Sai dai siffar kawai zai samu, matakan da kika bi wajen gina ta ba sa tafiya. Saboda haka asalin fayil ya zauna a wurinki, can za ki yi gyara, ki sake fitar masa da sabo mai harafin gaba.