Amsoshin Tambayoyinku: Shin a Kan Kiristanci Aka Kafa Amurka?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram, Jamhuriyar Nijar, wanda ya ce ya ga an rubuta "Ga Allah muka dogara" a jikin takardar dala, alhali yana jin ana cewa gwamnatin Amurka babu ruwanta da addini. Yana so a warware masa wannan.

To, Malam, babu shakka Kiristanci ya yi tasiri ƙwarai a kan mutanen da suka kafa ƙasar. Turawan Ingila da suka sauka Plymouth, a gaɓar Amurka, a 1620 sun tsere ne daga takurawar cocin gwamnatin Ingila, sai dai da 'yan uwansu suka kafa nasu mulkin a Massachusetts, su ma suka shiga takura wa wanda ya saɓa musu. A 1635 suka yanke wa mai wa'azi Roger Williams hukuncin kora, shi kuwa ya je ya kafa garin Providence, inda aka bar kowa da abin da ya yi imani da shi.

A Virginia ne lamarin ya fi tsami. Cocin Angilika ne na hukuma, har da ganyen taba ake biyan limamansa daga harajin da kowa ke bayarwa, ko da ba ɗan cocin ba ne. Masu wa'azin Baftis da suka ƙi neman izinin hukuma aka riƙa jefa su kurkuku, wasunsu kuma suka ci gaba da wa'azi ta tagar ɗakin da aka kulle su, jama'a na tsaye a waje suna saurare. James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya san da wannan tun yana saurayi, abin ya tsaya masa a rai, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka har majalisar Virginia ta amince da dokar 'yancin addini da Thomas Jefferson, wanda shi ma daga baya ya shugabanci ƙasar, ya tsara, a 1786. A ganina, nan ne gaɓar da ake yawan mantawa: masu tsananin riƙo da Kiristanci suna cikin waɗanda suka fi kowa neman a raba coci da gwamnati, domin su ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya hana a gindaya addini a matsayin sharaɗin riƙe muƙamin tarayya, sannan gyaran farko da aka yi wa kundin a 1791 ya hana majalisar tarayya kafa addinin hukuma ko hana kowa yin nasa. Wannan bai shafi jihohi ba a lokacin, shi ya sa Massachusetts ta ci gaba da ɗaukar nauyin cocinta har 1833. A 1797 ma, yarjejeniyar da Shugaba John Adams ya sanya wa hannu da mahukuntan Tarabulus da ke Libiya ta yau, waɗanda Musulmi ne, ta bayyana cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba.

Kalmomin da ka gani a dala kuwa, Malam, daga baya suka zo. Sun fara fitowa a jikin kwabo a 1864, lokacin yaƙin basasa, aka mai da su taken ƙasa a 1956, suka hau takardar kuɗi a 1957.