Lacca: Kafin Ka Matse Fayil, Tambayi Kanka Wa Zai Buɗe Shi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, ɗalibai, da masu shagunan buga takardu da suka bar ciniki suka zo, sannunku da haƙurin wannan zafi. Minti ashirin aka ba ni, kuma la'asar ta gabato, don haka bari mu shiga magana kai tsaye.

Wata shekara na haɗa wa wani dattijon malamina takardun bincike, fayil kusan ɗari biyu. Na ɗaure su a ƙunshi ɗaya na 7z, wani tsarin matse fayil, saboda ya fi ƙanƙanta, na tura masa ina ta jin daɗin na rage masa cin data. Kwana uku shiru. Da na kira sai ya ce, "Ɗana, abin da ka aiko ya ƙi buɗuwa, yaron da ke duba mini kwamfuta ya ce ƙwayar cuta ce, mun goge." Megabait nawa na rage? Bai kai goma ba. Amma na yi asarar kwana uku. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace manhajar matse fayil ta fi, nakan fara da tambayarsa: wa za ka tura wa?

To, me ake nufi da matsewar ma? Ku tuna rajistar aji. Malami ya rubuta "Unguwar Rimi" a gaban sunan yaro na farko, na biyu ma daga can yake, na uku ma haka. Ba ya sake rubutawa, ɗigo biyu kawai yake sawa, ma'ana "kamar na sama". Aikin ke nan. Masana biyu, Abraham Lempel da Jacob Ziv, su suka tsara wannan dabara ga kwamfuta a 1977: in an ga abin da ya taɓa wucewa, sai a nuna inda yake maimakon a maimaita shi. Shi ya sa rubutu ke matsuwa sosai, don maimaici ya yi masa yawa.

Amma fa akwai buhun auduga, akwai buhun tsakuwa. Auduga ka hau ka tattake ta koma rabi. Tsakuwa kuwa ko ka kwana kana tsalle a kai, yadda take haka za ka bar ta. Hoton JPEG, waƙar MP3, bidiyon MP4, duk tsakuwa ne, an riga an matse su tun wurin ƙira. Masu ɗaukar bidiyon biki, ina ganinku can baya: in kun sa bidiyon gigabait uku a ZIP kuka ga ya fito kusan gigabait uku, manhajar ba ta lalace ba. Kai, ko takardar Word mai docx a ƙarshen sunanta, ZIP ce a ɓoye. Ku kwafi ɗaya, ku canza ƙarshen sunan zuwa zip, ku buɗe ku sha mamaki.

Tsarin matse fayil uku ne suka cika kasuwa. ZIP shi ne babban yaya. Wani Ba'amurke, Phil Katz, ya fito da shi a 1989, bayan an kai shi kotu kan wani tsohon tsari mai suna ARC. Da ya ƙirƙiro nasa sai ya bayyana wa kowa yadda aka gina shi, shi ya sa yau Windows da Mac da wayar hannu duk suna buɗe ZIP ba sai an sa komai ba. Bai fi sauran matsewa ba, amma ba ƙofar da ba ya shiga.

Sai RAR na Eugene Roshal, ɗan Rasha, wanda manhajarsa WinRAR ta fito a 1995. Ita ce mai alamar littattafai ɗaure da bel, wadda ke cewa kwana 40 na gwaji sun ƙare, ku kuma kuna danna "rufe" shekara da shekaru. Kuna dariya, ai na san da ku nake. Ta kuɗi ce. Abin da nake yaba mata guda ne: tana iya ƙara wani ɗan bayani na gyara a cikin ƙunshin, ta yadda in wani sashe ya lalace a filashi, ana iya farfaɗo da shi. Ga wanda ake ɗauke wa wuta yana tsakiyar kwafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku 7-Zip, na Igor Pavlov, shi ma ɗan Rasha, tun 1999. Kyauta ce, fuskarta ba kyau, kamar an ƙera ta jiya da daddare, amma tsarinta na 7z yakan fi ZIP matsewa. Tana yin ZIP, tana buɗe RAR, sai dai ba ta ƙirƙirar RAR. Ni ita ce a kwamfutata. Ajiyar kaina 7z nake yi, abin da zan tura wa mutane kuma da ita ɗin nake yin ZIP. Tun 2023 Windows 11 ta fara buɗe 7z da RAR da kanta, amma ku duba shagunanku, kwamfuta nawa ce ke kan Windows 11?

Maganar kalmar sirri. Tsohon makullin ZIP, wanda ake kira ZipCrypto, kwaɗon kasuwa ne, mai wayo yana ɓalle shi. Ku zaɓi makulli mai ƙarfi, wato AES-256. A 7z ma har sunayen fayilolin ana iya ɓoyewa, a ZIP kuwa ko an kulle, mutum zai ga sunan abin da ke ciki. Kuma in ka manta kalmar, kada ka zo wurina, ba ni da maganinta.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muke samo manhajar. Ana yawo da WinRAR da aka fasa a filashi daga shago zuwa shago, ba wanda ya san abin da aka cusa mata. Ko ta asalin ma tana buƙatar sabuntawa. A 2019 masu bincike na kamfanin Check Point sun gano wata ɓaraka da ta yi shekara 19 a cikinta. A 2023 aka sake toshe wata a fitowa ta 6.23, wadda ta kan sa mutum ya danna abin da yake zaton hoto ne a cikin ƙunshi, ashe mugun abu ya tayar. WinRAR da 7-Zip ba sa sabunta kansu, kai ne za ka je shafinsu na asali ka sauko da sabuwa.

Na ga hannu. Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ne kan fayil ɗin da ya ƙi shiga filashi alhali akwai wuri. Hajiya, galibi filashin na kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Ki buɗe 7-Zip, akwai gurbin da ake raba ƙunshi gida-gida, ki sa kowane yanki ya zama gigabait ɗaya ko biyu. Haka ake yi wa Gmail ma, da ke tsayawa a megabait 25. Sai dai duk yankunan su zauna a folda ɗaya, in ɗaya ya ɓata sauran ba za su buɗu ba. Kuma kafin ki goge na asali, ki danna maɓallin gwaji ki ga ya ce ba kuskure. Ga ladan can ya fara, sauran tambayoyin sai bayan salla.